Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Gwiwar Baba

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Saƙonka ya iso ni, kuma na ji an tsayar da shawarar yi wa Baba tiyatar canjin gwiwa a Asibitin Ƙashi na Dala. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ce.

Ka tambaye ni ko aikin da nake yi a nan Amurka ɗori ne irin na gida. Ba ɗori ba ne, ko da yake mu ma da hannu muke aiki. Sana'ar gyaran gaɓɓai da ƙashin baya ce, wadda D.D. Palmer ya fara a garin Davenport na jihar Iowa a 1895, kuma a makarantar da ya kafa a 1897 na yi karatuna. Ba ma yin fiɗa. Da na gama, sai na karkata ga kula da waɗanda za a yi wa tiyatar gwiwa ko kwankwaso, tun kafin su shiga ɗakin fiɗa har su ajiye sanda, bisa umarnin likitan da ya yi aikin.

Abin da shekarun nan suka koya mini shi ne warkewa tana farawa tun kafin a taɓa mutum da wuƙa. Mai ciwon gwiwa yakan daɗe yana lallaɓa ƙafar, har tsokar gaban cinya ta zube, alhali ita ce za ta riƙe sabuwar gwiwar. Saboda haka ina roƙonka kada ku bar Baba ya kwanta yana jiran ranar aiki. Ku kai shi wurin likitocin gashin ƙashi tun yanzu, su koya masa miƙe ƙafa yana kwance, ya ɗaga ta kaɗan, ya riƙe, ya sauke a hankali.

Bayan tiyata za a tashe shi tsaye a ranar ko washegari, kuma na san zuciyarka ba za ta so ba. Ka daure. Gwiwar da aka bari ba motsi a makonnin farko takan sandare, kuma lanƙwasa ta daga baya wahala ce babba. Da farko ana neman ta kai digiri 90, gwargwadon zama a kujera, sannan a ci gaba. Na taɓa kula da wani dattijo da kullum tambayarsa ita ce yaushe goshinsa zai taɓa ƙasa. Ya yi watanni yana salla a kujera, ina auna gwiwar kowane mako yana leƙen ma'aunin. Na san Baba ma abin da zai fara tambaya ke nan, don haka ku shirya masa kujera mai tsayi, kuma kada kowa ya ja ko ya murɗa ƙafar da sunan taimako.

Ka sanar da ni ranar da aka sa, ka kuma gaishe mini da Baba da Inna da kyau.

Naka amini,
daga Iowa