A adana tarihin Fort Henry kafin teku ta cinye shi

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da rahoton da kuka buga kan yadda teku ke cin gaɓar Studland a kudancin Ingila, inda ginin kankare na Fort Henry, wurin da sojoji ke hango teku a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yake tsaye a kan tsibin ƙasar da ya kutsa cikin ruwa.

Injiniyoyin sojan Kanada ne suka gina shi a 1943. A watan Afrilun 1944, daga siririyar tagarsa Sarki George na shida da Firaminista Churchill na Birtaniya da Janar Eisenhower na Amurka suka kalli atisayen da aka yi da harsasai na gaske, ana shirin afka wa gaɓar Normandy a Faransa, wadda sojojin Jamus suka mamaye. A farkon atisayen, igiyar ruwa ta nutsar da wasu tankokin Valentine da aka sanya wa shingen tamfol don su yi iyo, sojoji shida suka rasu. Gawarwakin tankokin na nan a ƙarƙashin ruwa har yau.

A ganina, kashe kuɗi wajen gina katangar tare teku ɓata dukiya ce, domin ƙasar wurin mai laushi ce, ba ta riƙe komai. Abin da ya kamata hukumar National Trust, mai kula da wuraren tarihi a Ingila, da masu binciken kayan tarihi su gaggauta shi ne auna ginin da ramukan da ke kewaye da shi, a ɗauki hotunansu dalla-dalla, a haɗa da na tankokin, a sanya su a intanet kyauta ga ɗalibai da iyalan waɗanda suka mutu.

Naku,
Wani mai karatu, Zariya