Sabon asibitinmu: a kawo mana ma'aikata

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan sabon asibitin da aka buɗe mana a garinmu. Wallahi mun ji daɗi sosai, garin ya cika ya batse, a da in mace ta fara naƙuda da daddare sai a nemo a-daidaita-sahu ko a ɗora ta kan mashin a nufi birni, wasu a hanya suke haihuwa, wasu jini ya ɓalle kafin a kai.

To amma likita ɗaya ne jal, shi ne safe shi ne dare, ungozomomi ma ba su isa ba, in Nepa ta ɗauke da fitilar waya nas ke neman jijiya ta sa wa yaro ƙarin ruwa, ga lokacin zazzaɓin cizon sauro gadajen yara a cike. Tun 2001 a Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya. Muna roƙon gwamnati ta sa sola, ta haƙa rijiyar burtsatse, ta tanadi wurin ajiye jini, ta kuma biya ma'aikata da kyau kada su ma su tafi Saudiyya.

Naka,
Mai karanta jaridarku kullum