Wasiƙa zuwa ga ɗana da aka danƙa wa makullin ruwa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ƙanenka ya kawo mini labari cewa manoman layinku sun zaɓe ka shugaban ƙungiyar ban-ruwa. Mahaifiyarka har da guɗa. Ni kuwa kwana na yi ina juyi.

Ina saurayi aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Da ruwa ya gangaro Kadawa da Kura da Bunkure, masu tafiya ci-rani suka zauna gida suna noman alkama da tumatir. Tun daga nan nake kallon yadda ruwan nan ke juya mutane.

Gonata ta farko a wutsiyar kanal take. Wata shekara tumatirina ya yi fure, kwana 9 ko ɗigo bai iso ba, ganye duk ya langaɓe. Da tsakar dare na ɗauki fartanya da tocila, na toshe bakin ruwan maƙwabcina na sama da laka, na karkato shi gonata. Ni ɗin nan da ba na rasa sahun gaba. Da Allah ya buɗa mini na sayi gona kusa da ƙofar ruwa, sai ga bakina yana ce wa na ƙasa su yi haƙuri, komai rabo ne. Ban taɓa gaya maka wannan ba.

Saboda haka kada ka ɓata yawunka kan wa'azi a wurin taro. Duba inda gonar kowa take, za ka san abin da zai faɗa tun bai buɗe baki ba. Na sama ba za su fito gayyar yankan kachala, ciyawar nan mai toshe hanyar ruwa, ba, don ko kanal ya toshe su suna sha. Ka nemi a yi doka a fara shayar da wutsiya kafin sama, za ka ga sun riga kowa fitowa da lauje.

Dokar tara kuma, ranar da aka fara karya ta ake sanin ko tana da haƙori. Mai karya ta ba talaka zai zama ba. Alhajin nan ne mai injuna uku, wanda rabin 'yan ƙungiya suka ci bashin takinsa, kuma babu mai ba da shaida a kansa, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan ka ƙyale shi ka ci tarar mai kadada guda, an gama da kai. Don haka ko buhun shinkafa ya aiko maka da sunan taya murna, ka mayar cikin ladabi.

Makullin ƙofa kada ya kwana a aljihunka kullum, ka ba wani daga wutsiya ya riƙe. Kuɗin ruwa ya zauna hannun ma'aji, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata.

Kawunka ma gonarsa a sama take, kuma na san zai zo maka da maganar zumunci. Ka shimfiɗa masa tabarma, ka ba shi fura, in ya matsa ka turo shi wurina. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka, mahaifinka.