Wasiƙa zuwa ga Auta

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Innarka tana gaishe ka. Ƙafar ta yi sauƙi, har ta koma zuwa islamiyya. Na zaɓi in rubuto maka da hannu ne saboda na san halina a waya: murya za ta ɗaga, kai kuma ka yi ta "to Baba, to Baba", mu rabu ba a faɗi komai ba.

Rubutun da ka turo mini ta WhatsApp ranar Asabar, wanda ka ce an ba ka maki mai kyau a kansa, na kai shagon bakin kasuwa an buga mini shi a takarda, shafi shida. Bayan isha'i na zauna a zaure, na sa tabarau, na karanta shi sau biyu. Karon farko har murmushi nake yi, Turanci sumul, babu inda ya yi tuntuɓe. Karo na biyu na ɗauko jan biro, ka san hannu ya saba, ina neman inda zan ja layi a ƙarƙashin ra'ayinka. Na kai shafin ƙarshe biron yana hannuna ban taɓa takardar ba. Tambayar da aka yi muku ita ce, shin dabarar Bismak, shugaban ministocin Furusiya, ce ta haɗa kan Jamus, ko kuwa ciniki da masana'antu ne suka riga suka ɗinke ta? Amsar da na gani ita ce wasu masana sun ce kaza, wasu sun ce kaza, kowa da gaskiyarsa. Kai ne kuwa, Auta? Kai da tun kana ɗan shekara bakwai ba a gama musu da kai a bakin akushi?

Sai jiya yayarka, cikin hira kawai, don haka kada ka kira ta da faɗa, ta ce ai ɗaliban yanzu sun huta, akwai manhajar da ake ba tambaya ta zubo amsa shafi-shafi, kuma kai ne ka nuna mata yadda ake yi da hutun nan. Daren jiya ban runtsa ba.

Ban ce ka yi ba. Allah ne ya sani, sai kai. Amma bari in nuna maka abin da ke cikin tambayar nan, tunda shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da irinta da alli.

Wanda ya ce ciniki ne yana da abin riƙewa. Tun 1834 Furusiya, ɗaya daga cikin manyan masarautun Jamusawa, ta jawo yawancin ƙasashen Jamusawa cikin yarjejeniyar kwastan guda, aka daina tare kaya a kowace iyaka ana karɓar haraji, Ostiriya kuwa tana waje. A 1835 aka buɗe layin dogo na farko a ƙasar Jamusawa, daga nan dogo ya yi ta yaɗuwa. Yankunan yamma masu kwal da ƙarfe ma tun taron Viyana na 1815 suka shiga hannun Furusiya. Bismak bai zama shugaban ministoci ba sai 1862, wato ya zo ne ya tarar an yi shuka har an yi noman fari. To, amma ga tambayar da za ka jefa wa mai wannan ra'ayi: in ciniki kaɗai ke haɗa kai, me ya sa a yaƙin 1866 Bavariya da Saksoni da Hanoba, waɗanda duk suna cikin yarjejeniyar kwastan ɗin, suka ɗauki bindiga suka bi bayan Ostiriya? Kasuwa ɗaya suke ci da Furusiya, amma ba su yarda ta sa musu linzami ba. Kafin nan ma an gwada hanyar shawara. Majalisar Firankfot ta 1848, cike da lauyoyi da malaman jami'a, ta rubuta tsarin mulki, ta miƙa wa sarkin Furusiya sarautar Jamus a 1849, ya ce ba ya karɓar rawani daga hannun wakilan talakawa. Abin da ya biyo baya yaƙi uku ne da Furusiya ta yi cikin shekara bakwai: Danmak a 1864, Ostiriya a 1866, Faransa a 1870. Na ƙarshen nan kuwa, Bismak ya ɗauki saƙon wayar da aka aiko masa daga garin Ems kan ganawar sarkin Furusiya da jakadan Faransa, ya rage shi yadda kowane ɓangare zai ga an ci mutuncinsa, ya ba jaridu. Faransa ta shelanta yaƙi, aka kama sarkinta Napoliyon na Uku a Sedan, ranar 18 ga Janairu 1871 aka naɗa sarkin Furusiya sarkin Jamus duka a fadar Versailles, cikin ƙasar waɗanda aka ci da yaƙi.

Ni a nawa ganin, ciniki ne ya sa haɗuwar ta yiwu, amma kamannin da ta ɗauka, Jamus babu Ostiriya, ƙarƙashin sarkin Furusiya da sojansa, wannan ɗinkin Bismak ne. Kana iya saɓa mini. Wallahi zan fi son ka saɓa mini da hujja a kan ka yarda da ni don ni ne ubanka.

Rubutun muhawara zaman kotu ne. Ka shigo gaban alƙali, sakin layi na farko ka faɗi da'awarka ƙarara, yadda ko an tashe ka daga barci za ka maimaita ta. Sai ka gabatar da shaidunka ɗaya bayan ɗaya, kowane da shekararsa da wurinsa. Shekara ba ado ba ce, in ba ta tabbatar da komai ba ka cire ta. Sannan ka kira shaidan abokin shari'arka, wanda ya fi ƙarfi, ba gurgun cikinsu ba, ka bar shi ya yi magana, ka ba shi amsa. Duk abin da ka ɗauko kuma ka faɗi daga wa ka ji. Wannan ba Turawa ne suka koya mana ba. Kakanka ba ya jan hadisi a zaure sai ya faɗi littafin da babin.

Kada ka ɗauka korar makaranta nake tsoro, ko da yake ita ma ana yi. Tsorona shi ne hannunka ya saba da rubuta sunanka a kan maganar da ba taka ba, wadda ba ka auna ba, wadda in an tsare ka ba za ka iya kare ta ba. Yau rubutun aji ne. Gobe takarda ce a ofis, an turo maka, ta yi kyau a ido, ka sa hannu. Ka san abin da ya sami baffanka a kan takardar gonar nan, kuma ka san shekara nawa muka yi ba a shiga gidan juna. Ba mugu ba ne, takardar ce ta yi masa kyau a ido. Tun daren jiya fuskarsa nake gani ranar da ya dawo daga kotu, sai in ga taka a wurin.

Lokacin da dangi suka taso mini, wai me yaro zai ci da tarihin Turawa, ga likitanci ga lauya, ni na tsaya maka. Na ce musu Bismak ɗin nan da ya haɗa Jamus shi ne ya tara ƙasashe 14 a Balin daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885, suka tsara yadda za su mamaye Afirka ba tare da sun yi faɗa da juna ba, har zirga-zirgar jirage a kogin Kwara suka yanke, babu ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. A 1885 ɗin nan wakilin wani kamfanin Ingilishi ya koma da takardun da ya ce Sakkwato da Gwandu sun amince da su. Abin da Turawa suka karanta a ciki daban, abin da mutanenmu suka fahimta daban. A 1903 Kano ta faɗi, Sakkwato ta bi. Na ce musu gara a samu ɗaya a gidan nan wanda zai san yadda mutanen nan suke tunani, da yadda suke gina hujja su ci ƙasa da takarda kafin bindiga ta iso. Wannan alkawarin na ɗauka a madadinka a gaban mutane. Filin bayan gari ban sayar da shi don waya ta yi karatu ba. In na'ura ce za ta yi tunanin, me ya hana in biya mata kuɗin makarantar kai ka dawo ka kama mini shago? Ka ji kunya, Auta, in har haka ne. Innarka tana tashi tsakar dare tana yi maka addu'a, tana tsammanin kana can kan littafi.

Na san za ka ce Baba ya cika tsanani, kamar yadda kuke faɗa a bayan idona tun kuna ƙanana. Akwai dalili. Ni ma a kwalejin horon malamai haddace takardun malaminmu na yi, na zubar a jarrabawa, na ci. Shekarata ta biyu da fara koyarwa, ina bayanin juyin juya halin da ya tashi a ƙasashen Turai a 1848, na ce Metanik, babban ministan Ostiriya, ya gudu daga Viyana, sarkin Faransa ya tsere Ingila, sai wani yaro a bencin baya ya ɗaga hannu ya ce, Malam, to me ya sa duk a shekara ɗaya? Na tsaya da alli a hannu, gumi yana bin bayana. Ban san amfanin gona ya lalace a shekarun 1845 zuwa 1847 ba, ban san burodi ya yi tsada har talakan birni ya rasa na saye ba. Na daka wa yaron tsawa na ce ya zauna. Har yau in na tuna sai na nemi gafarar Allah. Daga ranar na fara karatu na gaskiya, kuma abin da ya sa nake ƙwace muku littafi in ce ku faɗa mini da bakinku ke nan.

Ga abin da nake so. Ka sake rubuta amsar tambayar nan da hannunka, a takarda, ko da shafi biyu ne, ko da Turancin ya yi karo da juna. Ka ɗauki hotonsa ka turo mini kafin Juma'a ta sama. Ba zan gaya wa Innarka komai ba. In kuma zargina ba daidai ba ne, ka yafe mini, tsufa ne da son ɗa, amma duk da haka ka rubuto.

Direban da ya kawo maka wannan yana ɗauke da ƙullin yaji da dambun nama daga Innarka, da 'yan kuɗi a cikin ambulan. Ka riƙa rufe ƙirjinka, sanyi ya fara sauka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare mini kai.

Mahaifinka.