Fargabar tafiya ba raki ba ce, kuma tana da magani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana a kan wata damuwa da mutane ke ɓoyewa don gudun a yi musu dariya, wato fargabar tafiya. Akwai wanda tun saura kwana uku ya tashi barci ke ƙaurace wa idonsa. Akwai wanda da zarar an rufe ƙofar jirgi tafin hannunsa ya jiƙe sharkaf da gumi. Wannan ba raki ba ne, ba kuma ƙauyanci ba. Yawancinsa daga rashin sani yake tasowa, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Wanda aka faɗa wa abin da zai ji tun kafin ya ji shi, ba ya firgita kamar wanda abin ya zo wa ba-zata.

Bari in fara da jirgin sama, tunda a nan gaba ya fi faɗuwa. Daƙiƙa kaɗan bayan jirgi ya bar ƙasa za ka ji wani "gum" a ƙarƙashin ƙafarka. Tayoyi ne suka naɗe suka shige ma'ajiyarsu. Ba da jimawa ba sai rugugin inji ya ragu, ka ji kamar jirgin ya tsaya cak ko yana shirin sulluɓowa. Matuƙi ne ya rage wuta, domin ƙarfin da ake buƙata wajen tashi ya fi na ci gaba da hawa. Jirgin yana nan yana hawa, kunnenka na ciki, mai auna motsin jiki, shi ne ya ruɗe ka. Haka nan idan an kusa sauka sai jirgin ya sake cillawa sama, ba wani mugun abu ba ne: matuƙi bai gamsu da yanayin saukar ba, ya zagayo ya sake, kuma abin da aka horar da shi ya yi ke nan. Jirgin fasinja mai inji biyu an ƙera shi ne yadda zai iya tafiya ya sauka da guda ɗaya.

Sai gargada. Iska ba shimfiɗe take sumul ba; hadari, duwatsu da iska mai gudu a can sama duk suna yamutsa ta. Jiki yakan zuzuta abin. Idan an fara jijjiga, kalli ruwan da ke cikin kofi a gabanka: za ka ga yana ɗan kaɗawa ne kawai, alhali cikinka yana ce maka kun rufta rami. Waɗanda suka fi jin rauni a gargada su ne waɗanda ba su ɗaure ba. Don haka ɗaura bel a ƙasan cibiya, a kan ƙugu, ka bar shi a ɗaure muddin kana zaune ko da an kashe alamar. Nemi kujera ta saitin fiffike, domin wutsiyar jirgi ta fi kaɗawa. Kada ka sandare ka ƙanƙame hannun kujera. Dasa ƙafafu a ƙasa ka saki kafaɗu.

Inda nake son a fi natsuwa a fahimta shi ne firgicin da ke taso wa mutum haka kawai, a jirgi ne, a mota ne ko a cikin cunkoson tasha. Zuciya ta kama dukan uku-uku, numfashi ya yi sama-sama, yatsu da leɓe su yi zir-zir kamar ana tsira allura, jiri ya ɗebi mutum har ya ɗauka ajali ne ya zo. Abin da ke faruwa shi ne, saurin numfashi yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, shi ne ke kawo jirin da zirzir ɗin. Kuskuren da ake yi shi ne a riƙa zuƙar iska da ƙarfi, sai abin ya ƙaru. Gyaran yana wajen fitarwa. Ɗora hannu a ciki, shaƙa ta hanci a hankali kana ƙirga 4, ka fesar ta baki kamar mai hura shayi kana ƙirga 6 ko 8. Yi haka minti 3 zuwa 5. Sannan ka ba hankalinka aiki: ambaci abu 5 da kake gani, 4 da kake taɓawa, 3 da kake ji da kunne. Irin wannan firgici yakan kai ƙarshen ƙarfinsa cikin minti 10 ya fara lafawa. Faɗa wa ma'aikatan jirgi tun wajen shiga cewa kana da fargaba, ba sabon abu ba ne a wurinsu. Amma mai ciwon zuciya, ko wanda ya ji nauyi a ƙirji yana sauka hannu ko muƙamuƙi, kada ya ce tsoro ne kawai, ya nemi taimako nan take.

Ina roƙo da babbar murya a daina aron ƙwayar barci a wurin abokin tafiya. Diazepam da danginsa suna kashe jiki, idan aka buƙaci mutum ya yi hanzari ba zai iya ba, kuma suna sa shi ya daɗe a naɗe bai motsa ba. Zaman da ya wuce awa 4 ba motsi yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, shi ya sa ake son a riƙa miƙewa ana juya idon sawu. Ban da haka, ƙasashe irin su Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna da doka mai tsanani a kan Tramadol. Maganin da likita ya rubuta maka, bar shi a kwalinsa tare da takardar likitan, a jakar hannu. A rage kofi ranar tafiya, yana ƙara bugun zuciya.

Ciwon kunne ya fi zuwa wajen sauka, wanda kan fara kamar minti 30 kafin a taɓa ƙasa. Kada ka yi barci a lokacin. Haɗiyi yawu, yi hamma, tauna cingam, ko ka toshe hanci ka hura a hankali baki a rufe. Jariri a ba shi nono. Mai tashin zuciya a mota ya zauna gaba, ya kalli nesa, ya ajiye waya, domin saɓanin abin da ido ke gani da motsin da kunnen ciki ke ji ne ke kawo aman. Maganinsa kafin a tashi ake sha, ba bayan zuciya ta tashi ba, kuma direba kada ya sha saboda yana sa gyangyaɗi.

Fargabar "na manta wani abu" kuwa takarda da biro ne maganinta. Rubuta jerin kayanka, ka duba sau ɗaya da dare kana sa alama, ka rufe jaka. Duba fasfo tun kafin sayen tikiti, ƙasashe da yawa suna son ya rage masa wata 6 aƙalla. Ɗauki hotonsa da na biza a waya, ka ajiye kwafi a jaka daban. Isa filin jirgi awa 3 kafin tafiyar ƙetare, awa 2 ta cikin gida. A yawancin filaye ruwa ko mai a jakar hannu ba ya wuce mililita 100 a kowace kwalba, batirin cajin waya kuma ba ya shiga kayan da ake aunawa. Ɗan sitikan da ake manna maka bayan awon kaya kada ka yar da shi. Idan jakarka ba ta fito ba, da shi za ka cike takardar ƙorafi, kuma ka cike ta kafin ka bar filin.

Wanda tsoro ya kai shi ga fasa tafiye-tafiye, ya sani kowace fasawa tana ba shi sauƙi na rana ɗaya ne, tsoron kuma ya ƙara ƙiba. Ya ga likitan halayyar ɗan Adam. Hanyar da ake bi ita ce sabawa daki-daki: kallon bidiyon tashin jirgi, zuwa filin jirgi ba tare da tafiya ba, sannan gajeriyar tafiya tare da wanda ya yarda da shi. Shi kuma ɗan rakiyar, kada ya ce masa "ba komai, daina tsoro". Ya zauna kusa da shi, ya riƙa ƙirga masa numfashi da murya ƙasa-ƙasa.

Na gode, Malam Edita.

Naka,
Mai karatunka a kullum