A Daina Matsa Wa Likita Ya Dinke Rauni Mai Datti

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ba ni fili in yi magana kan abin da ke faruwa in an kai wanda ya yi hatsarin babur asibiti. Da an shiga sai 'yan uwa su hau faɗa wai me ya sa ba a ɗinke ba, wai likita yana ta yanke masa nama.

Jama'a, ciwon da ya kwashi yashi da ƙasa da ɓarɓashin kwalta ba a rufe shi haka nan. Sai an yi allurar kashe zafi, a wanke shi da ruwan gishiri na asibiti mai yawa sosai, a tsince dattin, sannan a yanke naman da ya mutu, wanda ya yi baƙi ba ya jini, har a kai ga mai ja mai rai. Mataccen nama shi ne abincin ƙwayoyin cuta, in aka ɗinke a kansa mugunya ce za ta taru, wani lokacin har ƙafa ta ruɓe a yanke ta gaba ɗaya. Shi ya sa ake barin irin wannan a buɗe ana diresin, a rufe bayan kwana 3 zuwa 5 in ya yi kyau.

Su kuma masu zuba baƙin mai ko toka ko man goge baki a kan ciwo, wallahi aiki kawai kuke ƙara wa nas. Kuma in ƙashi ya ɓullo waje, a fara da asibiti kafin mai ɗori, kar a manta da allurar tetanus.

Mai karatunku daga Kano