A auna zanen kayan lantarki kafin a raba wa jama'a

Malam Edita,

Ina roƙon fili a jaridarku domin in ja hankalin masu sha'awar haɗa ƙananan na'urorin lantarki, musamman masu tsara aikinsu da manhajar Fritzing, kan wani sakaci da ake yi wajen zana mahaɗar da ake ɗora wa ƙaramar ƙwaƙwalwar na'ura umarni ta cikinta.

Ita wannan manhaja, wadda ta samo asali a wata jami'a da ke Potsdam a Jamus cikin 2007, tana nuna kowane kayan aiki ta fuska uku: yadda yake a kan allon gwaji, yadda yake a zanen da'ira, da kuma sawunsa a kan allon tagulla. Kowace fuska hoto ne mai zaman kansa a nau'in fayil ɗin zane da ake kira SVG, sannan wani fayil mai suna fzp ne yake ɗaure su, yana faɗin wace ƙafa ce wace. Abin da masu zane da yawa ba sa kula da shi shi ne, manhajar ba ta duba kyawun hoto, da sunan da aka laƙaba wa kowace ƙafa kawai take aiki, kamar connector0pin. Don haka hoto yana iya fita tsaf kamar na gaske, alhali ƙafa ta uku a allon gwaji ita ce ta huɗu a allon tagulla, kuma babu wani gargaɗi da zai bayyana.

Inda abin ya fi muni shi ne mahaɗar ɗora umarni ta ISP mai ƙafa shida ta dangin ƙananan ƙwaƙwalwa na AVR, irin wadda take kan allon Arduino Uno. Jerinta sananne ne: ta 1 MISO, ta 2 VCC, ta 3 SCK, ta 4 MOSI, ta 5 RESET, ta 6 GND; VCC da GND na wuta ne, sauran kuma na saƙo. Amma ana ƙirga ƙafafun ne a tsallake, 1, 3, 5 a layi ɗaya, 2, 4, 6 a ɗaya layin, saɓanin ƙwaƙwalwa mai layi biyu ta DIP wadda ake bin layi guda har ƙarshe kafin a zagayo ɗayan. Wanda ya saba da ƙirgar DIP ya zana mahaɗar da ita zai kai wuta inda saƙo ya kamata ya bi. Haka kuma, idan ba a sa alamar ƙafa ta farko ba aka juya wayar, VCC zai faɗa kan RESET, GND kuma kan MISO. A ganina, zanen da ba shi da wannan alama bai cancanci a saka shi a intanet ba, komai kyansa.

Sai batun awo. Tazarar da aka saba tsakanin ƙafafu milimita 2.54 ce, amma mahaɗar ɗora umarni ta SWD mai ƙafa goma ta dangin ƙwaƙwalwar ARM Cortex tana da 1.27, kuma a fuskar kwamfuta su biyun suna kama da juna. Ƙari a kan haka, manhajar Inkscape, wadda ake zana hotunan SVG da ita, ta sauya lissafinta daga ɗigo 90 zuwa 96 a kowane inci tun daga sigar 0.92, don haka tsohon hoton da aka rubuta girmansa da ɗigo, ba da milimita ko inci ba, yana iya motsewa da kusan kashi 6 cikin ɗari. A ƙafa uku ba a cika lura ba, amma a jeri mai ƙafa ashirin kuskuren ya wuce tazarar ƙafa guda.

Roƙona ga duk mai niyyar raba zanensa shi ne ya gwada lambobin ƙafafu da takardar bayanan kamfanin da ya ƙera kayan, ya tabbatar ramukan suna cikin copper0 da copper1 duka, wato shimfiɗun tagulla na ƙasa da na saman allon, sannan ya buga sawun a takarda da girmansa na ainihi, ya ɗora mahaɗar a kai ya ga ko kowace ƙafa ta hau raminta.

Naku,
Wani mai karatu